Wutsiyar Kyaftin Kada

"Anti, ba nan na kama mana teburi ba..."

Renita ta tsaya cak a ƙofar gidan abincin, idonta a kan ƙaton allon da aka zana koren kada sanye da hular matuƙan jirgin ruwa.

"Na canza," in ji Anti Vernice, ƙanwar babanta, tana gyara tabarau. "Kifi, kifi, kullum kifi? An ce nan ake nishaɗi. Ko akwai abin da kike tsoro ne, 'yar yayana?"

Akwai. Kuma Anti ta sani.

Tun wata biyu kafin su baro garinsu Savannah Renita ta kama wuri a gidan kifi na bakin tafki, can ƙarshen wannan babban filin shaƙatawa na Florida da suka zo hutu, don kawai kada ƙafarsu ta biyo ta nan. A nan Tobias yake aiki. Shekara biyu suna soyayya, amma abin da ta iya gaya wa babanta shi ne, "Yana ɓangaren nishaɗi a Florida." Ba ta taɓa cewa shi ne ke shiga cikin rigar kada yana zagaya teburin masu karin kumallo ba.

"Mu shiga mana, rana na dukan Baba," in ji Dokta Kendall, likitan haƙorin da Anti ta jajibo cikin tafiyar, tana ta cusa wa Renita shi kamar magani.

Baba Harlan ya bi bayansu. Hannunsa na dama yana cikin aljihu. Tun ciwon shanyewar jiki da ya same shi bara hannun yake rawa, kuma kwana uku da zuwansu a ɗaki yake cin abinci, ƙofa a rufe. Yau da ƙyar Renita ta lallaɓo shi ya fito.

Suka zauna. Aka jera musu soyayyar kaza, ƙwai, faten masara mai man shanu, da waina mai siffar kan kada. Wuri ya cika da yara, ana ta kiɗan ganga.

Can sai ga Kyaftin Kada ya fito daga bayan labule.

Kore shar, ƙaton ciki, wutsiya har ƙasa. Yara suka ɗau ihu. Nan take Renita ta san waye a ciki, domin ko cikin buhu aka saka Tobias za ta gane tafiyarsa.

Ya taɓa gaya mata dokar aikin. Wanda ke cikin riga ba ya magana, ba ya cire kai, ko da gini zai faɗo. Ranar da ya yi, ranar ya bar aiki. Ta wata 'yar raga a bakin kadan yake gani, saboda haka tun daga nesa yake karantar teburi: wane yaro ne ke jin tsoro, wace uwa ce ta gaji.

Yana teburi na uku daga nasu, sai Baba ya zaro hannunsa ya ɗauki kofin lemo.

Kofin ya kai rabin hanya. Sai hannun ya ƙwace.

Lemo ya wanke gaban farar rigarsa, kofin ya gangara ƙasa.

"Ayya, ayya," in ji Dokta Kendall da muryarsa ta asibiti, wadda ake ji har ƙofa. Ya ɗaga wa mai hidima hannu. "A kawo wa dattijon kofin yara, mai murfi da tsinken zuƙa."

Kawuna suka fara juyowa. Baba ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaga kwantena da ƙugiya a tashar jiragen ruwa, bai taɓa sakin ko ɗaya ba.

Renita ta ji kamar ta nutse.

Sai aka ji ƙara a bayansu.

Kyaftin Kada ya juya, wutsiyarsa ta share keken da aka tara kofunan roba, suka watse ko'ina. Ya dafe kai da hannu biyu. Ya juya zai kama wutsiyar ya hukunta ta, ta gudu, ya bi ta, ta sake gudu. Yara har da faɗuwa daga kujera don dariya. Babu wanda ya ƙara tuna wani dattijo da lemonsa.

Da haka, yana bin wutsiya, ya iso teburinsu ya tsaya, faffaɗan bayansa ya kare Baba daga idon jama'a. Ya ciro jan ƙyallen nan mai faɗi da ake rataya wa baƙo ɗaya kowace safiya, a naɗa shi sarkin jirgi. Yara ake ba wa. Ya rataya wa Baba, ya daidaita shi har ya rufe tabon lemon tas. Sannan ya ja da baya ya sara masa.

Aka ɗau tafi.

Baba ya dubi ƙyallen, ya dubi kadan. Ya yi dariya. Rabon Renita da jin wannan dariyar tun kafin asibiti.

Anti ta ajiye cokali.

"Yaya, ka san wanda ke cikin wannan abin kuwa? Surukin da 'yarka take ɓoye maka ne. Ɓangaren nishaɗi! Ga shi nan, da wutsiya."

Dariyar Baba ta tsaya. Ya ɗaga kai.

"Kai ne Tobias?"

Shiru. Kadan yana tsaye, haƙoran roba a waje.

"Da kai nake, samari."

Renita tana ganin yadda ƙaton hannun soso na rigar kadan yake matsewa. Kalma ɗaya za ta raba shi da aikinsa. Shirun kuma zai iya raba shi da ita.

"Ko gaisuwa ba zai iya ba," in ji Dokta Kendall yana murmushi.

A teburin kusa, wata yarinya mai kitso biyu ta daina tauna, ta zuba musu ido.

Renita ta miƙe. Muryarta ta fito daidai, a hankali.

"Anti, babu kowa a ciki. Kyaftin Kada ne. Akwai yara a nan."

Yarinyar ta koma kan wainarta.

Renita ta durƙusa gefen kujerar babanta, ta rage murya.

"Amma Baba, akwai wani mutum, sunansa Tobias. Yana tashi aiki ƙarfe biyu. Kullum yakan fito kamar an tsamo shi daga ruwa, kafaɗarsa duk ciwo, kuma ban taɓa jin ya ce ya gaji da yaran mutane ba. Ni ce na ɓoye shi. Kunya na ji... kuma yau kunyar kaina nake ji. Shi nake so, Baba. Ko a gaban wa zan faɗa."

"Harlan, kana jinta?" in ji Anti.

"Ina ji, Vernice. Ci kazarki."

Baba ya shafa jan ƙyallen da hannunsa mai rawa. Ya daɗe yana kallon ragar nan ta bakin kada.

"Shekara talatin ina cikin akwatin ƙarfe a saman ƙugiya, ba wanda ya san fuskata. Aikin kawai ake gani." Ya gyara zama. "Da ka amsa min ɗazu, da na raina ka. Kyaftin, in ka ga wannan Tobias ɗin, ka ce masa muna gidan kifi ƙarfe uku."

Kadan ya ƙame ya sara. Sannan ya wuce teburi na gaba, domin akwai yara suna jira.

Ƙarfe uku saura Tobias ya iso, gashinsa a jiƙe, rigarsa a goge. Dokta Kendall ya ce kansa na ciwo, bai zo ba. Anti ta zo, tana ta nazarin takardar abinci kamar za a yi mata jarrabawa.

"Barka da yamma, yallaɓai."

"Ashe kana da murya. Zauna." Baba ya nuna masa kujerar da ke kusa da Renita. Har yanzu ƙyallen na wuyansa, ya ƙi cirewa. "Tambaya ɗaya gare ni. Wutsiyar nan, da gangan ka yi?"

Tobias ya dubi Renita, ya dubi Baba.

"Yallaɓai, ni ban san zancen ba. Amma na ji an ce shekara huɗu Kyaftin yana wannan gidan, ko cokali bai taɓa turewa ba."

A ƙarƙashin teburi Renita ta kama hannunsa. Sai ta tuna, ta ɗago hannun ta ɗora a kan teburi, inda kowa zai gani.

"Masoyina," ta ce, "ga Babana."

Baba ya ɗauki kofin ruwansa da hannun dama. Ruwan ya zube kaɗan a kan teburi. Bai ko kalli wurin ba.

"To," ya ce, "sai ku gaya min watan auren. Amma ranar bikin da ƙafa biyu za ka zo min, ban da wutsiya."