Ɗan Damisar da Aka Ɓoye a Garke

Ni Sanjar na fara ganinta, tun masu hakimcewa a ofis ba su kurɓi shayi ba. Ƙanƙara ta taɓa binne ni a kwazazzabon nan na tono kaina na fito, don haka babu lungunsa da ban sani ba. Damisar ƙanƙara ce kwance bayan dutse, an feɗe ta an tafi da fatar. Na sauka na kira Insfekta Farman.

Insfekta ya durƙusa ya duba gawar, ya ga nono na tsatstsafowa.

"Tana shayarwa. Akwai ɗa a hannun wani, kuma yunwa ba za ta jira mu ba."

Ya san abin da ke gabansa. Damisoshin da suka rage a duwatsunmu ba su taka kara sun karya ba, in ɗan ya mutu an yi asarar biyu. A gefen gawar ya ga toka, ya shinshina: ganyen yarz ne, itacen turarenmu.

Ya fara da Tafat makiyayi, wanda damisa ta kashe wa tumaki.

"Ka hau kwazazzabo?"

"Ni? Gwiwata ba ta ko kai ni bakin rafi, Yallaɓai."

"To takalmin wa ke shanye can da jar lakar sama?"

Tafat ya sosa ƙeya. "Na hau neman tunkiyata. Wallahi hayaƙi kawai na hango, na juyo."

"Da kai ka kashe ta, za ka yi mata turare?"

"Turare? Ɓarauniyar da ta cinye min garke? Rawa zan taka!"

Insfekta ya yi dariya ya sallame shi. Maharbin gado ne kaɗai ke ƙona yarz, don neman afuwar aljanun dutse masu dabbobin.

Ya ɗauki kofur ɗinsa suka wuce gidan Qudrat Baig, tsohon maharbin da yanzu ke gadin daji. Qudrat ya tarbe shi da fara'a.

"Na ajiye bindiga tuntuni, Yallaɓai. Yanzu ai ni ne uwar namun dajin nan, ni ne ubansu."

Matarsa Nigor ta dire shayin gishiri da ƙarfi har ya fantsama.

"Lafiya, Yaya?" in ji Insfekta.

"Ina lafiya? Tambayi angon awaki. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma garke, tuwona ma ba ya ci, wai kada na taɓa masa riga. Ga madarar yara kullum sai ta ragu."

"Ke, rufe mana baki!" in ji Qudrat.

Insfekta ya ajiye kofi a hankali. Kowa a nan ya san maharbi ba ya kusantar iyalinsa in zai hau dutse, don aljanu ba sa son ƙanshin gida.

"Wanda ya bar farauta, me ya raba shi da ɗakin matarsa? Kofur, buɗe garken."

Fatar na naɗe cikin rufi. A cikin kwandon ciyawa kuwa ga ɗan damisa, wutsiya ta fi shi tsawo, yana huci kamar zai cinye kofur da hularsa.

Qudrat ya zube. "Wani ɗan kasuwa ne daga birni ya ce yana son fata da ɗa mai rai. Na tsarkake jikina, na yi turare, ban tsallake komai ba."

"Ka nemi afuwar aljanu, saura ta alƙali," in ji Insfekta, ya danna masa ankwa.

Nigor ta biyo su har ƙofa. "Ku ba shi ɗaki shi kaɗai, ya saba!"

Likitocin dabbobi suka karɓi ɗan, ya rayu, ya zama ƙato. Wanda ya ce ƙarya nake, ya ɗaura takalmi ya biyo ni kwazazzabon, mu ga wanda numfashinsa zai fara ƙarewa tsakanina da shi.