Ƙamshin Saiwar Bana

Da almuru Ornella ta tashi kwashe shanya. Saiwar furen iris, wadda ake yin turare da ita, ba ta son raɓa. In ta kwana a waje sai ta yi baƙi, wahalar shekara ta tashi a banza. Tana ɗaura ɗankwali wayarta ta yi ƙara. Loredana ce, ƙanwarta, daga birnin Firenze.

"Yaya, har yanzu kina fama da dankalin naki?"

"Dankalin da kike ɗurawa a kwalba kina yi wa mutane iyayi da shi? Ina nan ina fama."

"Kai, Yaya, ke ba a yi miki wasa. Jibi zan zo in ɗauki wuƙar firar Mama. Ta ce tawa ce."

"Ke da ko albasa ba ki iya ferewa ba?"

"Ita dai ta ce."

Ornella ta kashe wayar. Mamarsu ta rasu tun kafin iris ya yi fure. Ornella ce ta yi jinyarta, ta juya ta, ta wanke ta, ta ba ta miyar wake a baki. Loredana kuwa kwalbar turare ɗaya ta aiko. Turaren ba mai ihu ba ne. Sai ka ɗauka ya tafi, can kuma ya dawo a hankali, sanyi-sanyi, kamar hodar da ta daɗe cikin akwatin tufafi. Tsohuwa takan shafa a wuya, ta lumshe ido ta ce, "'Yata ta san ni." Ornella na tsaye da bahon wanki, tafin hannunta duk kaushi da tabon wuƙa, ba ta taɓa cewa daga wannan hannun ƙamshin ya fito ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Abin ya ci mata rai, har yau yana ci. Da kwalbar aka binne tsohuwa, yadda ta yi wasiyya.

Ta bi ta cikin itatuwan zaitun zuwa rumfar shanya. Ƙararrawar coci ta buga, ta yi shiru. Gyare ma suka yi tsit. Ta ɗauki asabari na farko, fararen saiwoyi birjik a kai, ta nufi ƙofar rumfar.

Sai ta ji ƙamshin.

Ta ja ta tsaya. Duk wanda aka haifa a tsaunukan nan ya san saiwar bana ba ta ƙamshi. Warin ƙasa take yi da na ɗanyen dankali. Sai ta bushe ta shekara uku a buhu sannan take buɗe baki. Tsohuwar ajiya kuwa an kwashe ta tun bara, ko ɗaya ba ta rage a rumfar ba.

Daga ciki, ƙaras, ƙaras. Shiru. Ƙaras.

Wuƙa ce a kan saiwa. Biyu da sauri, ɗaya a hankali. Mutum ɗaya ne a duniya ke fira haka.

A kan 'yar kujerar lungu wata na zaune, ta juya baya, da baƙin mayafi. Ɓawo na zuba a ƙasa.

"Wa ke nan?" Muryar matar a raɗa ta fito. "Loredana?"

Ornella ta san mamarta na kwance a bayan coci. Ta san mutanen ɓoye kan ari murya yadda ake aron zane. Amma muryar nan da taushi ta zo, irin taushin da ba a taɓa yi mata ba tunda aka haife ta.

"Ni ce, Mama."

"Zo nan, 'yar lelena."

Ornella mace ce da furfurarta, amma ta ajiye asabari ta je. Hannu ya miƙo ba tare da an juyo ba, ya kama wuyan hannunta. Sanyi kamar dutsen rijiya. Babban yatsa na shafa ta a hankali. Hawaye ya zubo mata, ta ƙyale shi.

"Na daɗe ina jiranki. Can babu kowa. Mu tafi."

Riƙon ya ƙara ƙarfi.

Ƙamshin ya yi kauri. A ƙarƙashinsa akwai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Bayan kujerar babu bango. Duhu ne kawai, da iska mai sanyi.

Ta ja. Ko gezau.

Ƙafarta ta fara zamewa a kan ɓawo.

"Mama, sake ni."

"Haba, auta."

Yatsan ya gangara cikin tafin hannunta. Ya tsaya. Ya bi kaushin, ya bi tabon wuƙa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ba hannun Loredana ba ne."

"Ornella ce, Mama."

"Au. Ke ce."

Aka sake ta, kamar an yar da ɓawo.

"Je ki kwashe shanya, raɓa na sauka."

Ba ta san yadda ta kai gida ba. Da gari ya waye, shatin yatsu biyar na nan fari fat a wuyan hannunta, kuma bai ɓace ba. Ta saya wa rumfar ƙaton kwaɗo.

Da Loredana ta iso ta ga kwaɗon, ta riƙe ƙugu. "A kan tsohuwar wuƙa? Yaya, hassada ce ke cin ki, tun muna yara."

"Ita ce," in ji Ornella, ta tura mabuɗin cikin rigarta. "Shiga motarki kafin rana ta faɗi."

Tun daga ranar ƙanwar ba ta ƙara kiranta ba. Limamin coci da ya ji labari ya ce ta gode wa Allah da ya kuɓutar da ita. Ta gode. Amma ta san abin da ya kuɓutar da ita.

Har yau in almuru ta yi, ƙamshin kan biyo ta ƙasan ƙofa, sanyi-sanyi, muryar nan mai taushi na kiran sunan da ba nata ba. Ornella kan ɗan tsaya ta saurara. Sannan ta sunkuya ta kwashe shanya.