Ƙulli a Igiyar Laima

"Kai ka tura shi sama. Kai!"

"Ya ahi, ɗan'uwa, sake min wuya. Ba tura mutum ake yi ba, da ƙafarsa ya tashi."

"Da ƙafarsa? Shiga ka duba ƙafar yanzu."

A haka Sufeto Abdussamad ya same su a barandar wani asibiti a Madina. Mai ihun Fahad ne, direban bas ɗin alhazai, wan saurayin da ke kwance a ciki. Wanda aka shaƙe kuma Adam, mutumin Chadi, mai koyar da tashi da baramoto a wani fili can hanyar garin Yanbu.

Sufeton bai ɗaga murya ba. Hannu ya sa ya raba su. Ya gaji da raba mutane.

Da hantsi rahoton ya iso ofis. Saif, ƙanin Fahad, ma'aikacin matatar mai a Yanbu, ya faɗo a ranar tashinsa na farko. Baramoto inji ne mai farfela da mutum ke goyawa a baya, sai wata faffaɗar laima a sama mai igiyoyi barkatai. Saif bai wuce tsayin dabino ba laimar ta karkata dama, ta juya da shi, ta maka shi da ƙasa. Ƙafafu sun karye, kai ya bugu. Bai farka ba.

"A kama shi, Yallaɓai," in ji Fahad. "Tun farko na ce hauka ce. Mutum da aikinsa mai kyau ya ce sai ya zama shirwa. Ni ko taɓa tsummar ban taɓa yi ba, wallahi ƙyamarta nake."

"Kana wurin da ya faɗo?"

"Ina Bi'ir Ali, wurin miƙati, ina lodi."

Aka tafi da Adam ofis. Bai yi gardama ba. Ya san abin da ke jiransa in aka ce sakacinsa ne: kurkuku, a soke iƙamarsa ta zama a ƙasar, a sa shi jirgi. 'Ya'yansa duk a Madina aka haife su, ba su san Chadi ba sai a waya.

Bayan La'asar Sufeton ya je filin da Kofur Ali. Rairayi ne shimfiɗe, ko kara babu. Suka baje laimar a ƙasa, ja da fari, suka bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Yallaɓai, zo ka gani."

Can sama, kusa da yadin, wata siririyar igiya ta ɓangaren dama ta taɓa tsinkewa. An haɗa bakinta an ƙulle. Ƙulli ne mai kyau, tamau, amma ya cinye tsawon igiyar kusan taki guda.

Sufeton ya shafa gefen yadin. Wani abu ya soke shi. Ƙaya ce, doguwa, fara. Ya ciro wata, ya ciro wata.

Ya miƙe ya dubi filin gabas da yamma.

"Ali, ka ga bishiya?"

"Ko inuwarta."

Washegari aka fito da Adam daga ɗakin tsaro. Idonsa ya faɗa.

"Ka duba igiyoyin kafin ya tashi?"

"Na duba. Duka."

Sufeton ya ajiye igiyar a kan tebur. Adam ya daɗe yana kallon ƙullin. Sai ya rufe fuska da hannu.

"Ban duba ba. Iska ta fara tashi, ina so ya tashi kafin rana ta yi zafi. Na duba injin, na duba maɗaurai. Igiyoyin na ce ya bi su da kansa. Ya bi na ƙasa, bai kai sama ba."

"To me ya sa ka yi min ƙarya?"

"Ina da iyali, Yallaɓai."

"Kai ka ƙulla?"

"Ni? A'uzu billahi. Ranar farko nake gaya wa ɗalibi, igiya in ta tsinke sauya ta ake yi. Ka ƙulla, gefe guda ya gajarta, laimar ta ja ka can. Saif ya san wannan."

"Watakila shi ya tsinka ta, ya ji kunyar faɗa."

"A ina? Satin da ya wuce ni na naɗe ta da hannuna, lafiyarta ƙalau. Daga nan ya koma Yanbu aiki. Injin a wurina yake kwana. Laimar ce yake barin ta a gidansu."

Sufeton ya kurɓi shayinsa. Ya huce.

"Mutum zai iya koyon abin nan shi kaɗai?"

"Masu kallon waya suna gwadawa. Ai farkon koyo babu inji, babu tashi. A ƙasa kake. Ka ɗaura laima, ka ja ta ta hau kanka, ka tsayar da ita, ta faɗi, ka sake. Makonni kana abu ɗaya. Ta ja ka a ƙasa, ta watsa ka. Da ganin damtsen mutum zan gaya maka sabon shiga ne."

"Ta yaya?"

"Maɗauran suna dukan nan." Ya nuna cikin damtsensa, hagu da dama. "Jini ya kwanta, baƙi ƙirin. Sai hannu ya faɗa yake bari."

Gidan su Saif na wani lungu a unguwar Ƙiblatain. Hajiya Hawa, mahaifiyarsu, ta dawo daga asibiti ke nan. Ta zauna a bakin kujera da carbi, ba ta cire abaya ba.

"Hajiya, a ina Saif ke ajiye laimarsa?"

"Ƙarƙashin bene, ɗan nan. Cikin wata jaka kamar buhun gero."

"Wa ke taɓa ta?"

"Wa zai taɓa? Daga ni sai Fahad a gidan. Shi ko ganinta ba ya son yi. Kullum faɗa suke. Ya ce masa, 'Baba ya mutu ya bar min kai, ba zan tsince ka a buhu ba.' Saif ya yi dariya ya amsa masa da Larabci."

"Fahad da safe ina yake zuwa?"

"Masallaci. Kwanan nan Allah ya ƙara masa shiriya, in ya fita Asuba sai rana ta ɗaga. Da motarsa ma yake fita, wai wani masallaci ya samu mai daɗin karatu. Ya dawo duk ƙura, yana ɗingishi. Na ce wannan wace irin ibada ce."

Ta ɗan yi murmushi, murmushin ya mutu.

"Yana ina yanzu?"

"Ya tafi Umra. Zai roƙa wa ƙaninsa. Bai daɗe da fita ba."

Bi'ir Ali, inda masu zuwa Makka daga Madina ke ɗaura ihrami, cike yake kamar kullum. Bas-bas a jere, injuna na kuka, maza cikin fararen mayafai suna neman takalmansu. Talbiyya na tashi ta ko'ina.

Sufeton da Kofur Ali suka sami Fahad a gindin wata bas, ba tasa ba. Yau fasinja ne. Ya yi wanka, ya ɗaura ihrami, ya ja mayafin ya rufe kafaɗu har gwiwar hannu, ya riƙe bakinsa gam a ƙirji.

"Yallaɓai. Adam ya amsa laifinsa?"

"Ya amsa nasa. Ɗaga hannunka."

"Na'am?"

"Duka biyun."

Fahad ya dubi Kofur Ali, ya dubi ƙofar bas. Ba inda za shi. Ya ɗaga.

Mayafin ya zame. Cikin damtsen hagu da na dama, jini ya kwanta, sabo a kan tsoho.

"Kaya nake ɗauka," ya ce. "Jakunkunan alhazai."

"Jaka ba ta duka a nan. A ina bishiyar take?"

Fahad ya sauke hannuwansa. Yaron mota na kiran fasinja.

"Wani kwari ne bayan gari," in ji Fahad daga baya. "Ba kowa a can. Sau ɗaya na ce zan gwada, in ga me ya haukata shi. Da ta hau kaina ta tsaya, na ji tana ɗaga ni, dugadugaina sun bar ƙasa. Yallaɓai, tun ina saurayi hanya ɗaya nake bi. Madina, Makka. Makka, Madina. Washegari na koma. Na yi ta komawa."

"Igiyar fa?"

"Iska ce ta kwashe ni ta jefa laimar kan ƙaya. Na fizgo, ta tsinke. Na ƙulla da kyau, na ja da ƙarfina ban ga ta motsa ba. Igiya ɗaya cikin wannan tarin. Na ce ba komai."

"Me ya hana ka gaya masa?"

"Ni da nake zaginsa a gaban Umma? In ce masa me?"

"Ka shaƙe mutum a asibiti. Ka ce a kama shi. Yana kwance a ɗakin tsaronmu yana tunanin 'ya'yansa."

"Na sani."

"Da ka tafi Makka ka bar shi."

"Na sani, Yallaɓai. Halas, shi ke nan."

Kofur Ali ya ciro ankwa. Sufeton ya dubi fararen mayafan, ya girgiza kai. Ali ya mayar da ita aljihu, ya kama Fahad a gwiwar hannu. Alhazai suka dare suna kallo.

A mota Sufeton ya kira ofis. Ya ce a rubuta wa Adam batun rashin duba igiya, a bar wa masu ba da lasisi su ji da shi, a ba shi wayarsa ya tafi gida. Ya kashe wayar. Ya jingina kai ya lumshe ido.

Suka hau titi, suka juya wa Makka baya. Bas ɗin da Fahad zai shiga ta wuce su ta ɗaya hannun.

"Yallaɓai," Fahad ya ce daga kujerar baya. "Na riga na yi niyya. Na yi talbiyya. Wanda aka mayar daga hanya irin haka, ya yake kwance ihraminsa?"