Takardar da Zuhura Ta Saya da Zinaren Uwarta

Rana ta take tsaka lokacin da Zuhura ta iso bakin gadar da ke kusa da Argungu, takalmanta a hannu, numfashinta na sarƙewa. Ga motar can ƙasa kwance a gefe guda, buhunan shinkafa sun fashe, ruwan fadama na ta wasa da su. An riga an kwashi ƙanenta Mansur, wanda shi ke tuƙi, zuwa asibiti da karaya biyu a ƙafa. Ta durƙushe a kan tsakuwa tana salati, hawaye na bin kumatunta... Motar nan ita ce gonar ubansu, ita ce duk abin da marayun nan biyu suka mallaka a duniya.

Tana nan sai ga babur ɗin Baffa Hodi, ƙanen mahaifinsu. Ko sannu bai ce ba. Ya leƙa ƙasa, ya dube ta, ya yi murmushi. "To, malama mai boko, ga ta nan. Ina takardar da kinka saya? Ɗauko ta ta tada motar mu gani."

Asalin maganar, shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato kaya sun yi wa motoci yawa. Ma'aikata na ta kwaso komatsansu zuwa Birnin Kebbi, ga siminti, ga katako, ga shinkafa. Mansur ya shekara tara yana tuƙa motar wani, sai shi da yayarsa Zuhura, malamar firamare a Badariya, suka sayar da fadamar da suka gada suka sayi tsohuwar mota gingimari mai bodin katako. A gidansu kuwa al'ada ce duk abin da ke da takarda sunan babban gida ake sa wa, wai don albarka. Albarkar nan dai ba a taɓa ganin ta koma hannun ƙananan gida ba. Zuhura ta ƙi. Ta yi wa sana'ar rajista da sunanta da na Mansur, rabi da rabi, takardun mota ma haka. Daga ranar Baffa Hodi ya daina amsa gaisuwarta.

Sai batun inshora. A tasha akwai mai sayar da takarda ta naira hamsin, mai hatimi ja, wadda ba ta da wani aiki sai a nuna wa ɗan sanda a wuce. Kowa ita yake riƙewa. Maƙwabciyarta a unguwar Nasarawa, Kafayat, wadda mijinta ya daɗe da motoci, ita ta ce mata, "Ƙawata, wannan ko ƙosai ba za ta ƙunsa da kyau ba. Ta gaskiya tana Sakkwato, dubu goma sha biyu a shekara." Zuhura ta kwana uku tana juyayi, sannan ta kwance 'yan kunne da warwaron zinaren da uwarta ta bar mata, ta kai wa maƙeri tana kuka, ta je ta biya. Baffa Hodi ya bi dangi gida gida yana cewa yarinya ta zubar da gado, kuma ba ta da tawakkali. Da maganar ta ishe ta ta ce masa a hankali, "Baffa, kai ma kana yi wa rumbunka jinka kahin damina, ban ji wani yac ce ka raina Allah ba." Bai yafe mata wannan ba.

Yau ga shi tsaye a kanta yana dariya. Kafayat ce, da ta biyo ta a wata motar, ta kama kafaɗarta. "Kuka zai jira. Tashi mu nemo ɗan sanda da mai hoto kafin a taɓa ko ƙusa." Aka ɗauki hoton motar gaba da baya, har lambar da ke jikin inji.

Watannin da suka biyo baya sai wanda ya gani. Albashin malama shi ne magani, shi ne tuwon gidan Mansur. Dangi suka ɗauke ƙafa. Mata a gidan suna sukan yi shiru in ta shigo, ta fita su kwashe da shewa. Direbobi a tasha na cewa tunda aka halicci kamfanin inshora ba wanda ya taɓa ganin ya biya, ko da yake a cikinsu ba wanda ya taɓa sayen ta gaskiya balle ya sani. Sau huɗu tana zuwa Sakkwato ana ce mata ta dawo. Amma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ranar da Mansur, yana kwance ƙafa a ɗaure, ya juya fuska ga bango ya ce, "Yaya, da mun bi ta Baffa, da zinaren Inna na nan muna da abin kamawa." Ta fita bayan ɗaki ta toshe bakinta da gyale, ta ce, "Ya Allah, Kai ka san ban yi don girman kai ba..."

A wata na huɗu kamfani ya aiko ma'aikacinsa, Malam Muhyiddeen, ya duba motar da idonsa. Suka je bakin gada, ba mota! Sai sawun ja a cikin laka. Masunta suka ce ai wani dattijo ya zo da mai sayen ƙarafa tun watan jiya, ya ce motar gidansu ce. Malam Muhyiddeen ya rufe jakarsa. "Malama, ki yi haƙuri. In ba mota, ba biya."

Ta zaro hotunan daga jaka ta roƙe shi kwana biyu kacal. Ta bi garejin Argungu ɗaya bayan ɗaya, mace ita kaɗai cikin baƙin mai, makanikai na mata ba'a, tana durƙusawa tana goge injuna da bakin zanenta. Washegari da la'asar, a rumfar wani Atiku, lamba ta fito daidai da ta hoto, ga kuma kan motar da bodinta a bayan rumfa. Atiku da ya ji zancen 'yan sanda ya ruga ya ɗauko takardar ciniki, ga yatsan Baffa Hodi dangwale a ƙasa.

A kotu Baffa Hodi ya sha babbar riga. Ya ce shi ne babban gida, abin marayu nasa ne. Alƙali ya ɗaga takardar rajista.

"Malam Hodi, sunan wa ke nan?"

"Ranka ya daɗe, ai bisa al'ada..."

"Ban tambaye ka al'ada ba. Sunan wa?"

Alƙali ya karanta da kansa: Zuhura da Mansur. Da ma Zuhura ta bi al'adar nan, da yau ba ta da bakin magana, da cinikin ya zauna daram. Aka yanke masa ya mayar da kuɗin Atiku, ga tara, ko wata shida a gidan yari. Babur ya tafi, gonarsa ta bakin hanya ta bi baya. Dangin da suka raka shi kotu kowa ya sulale ta ƙofarsa.

Ba a daɗe ba kamfanin inshora ya biya. Ran da sabuwar mota ta shigo Nasarawa, ƙahonta aka fara ji tun daga Gwadangaji. Mansur ne a kan sitiyari, sandarsa a gefe, Kafayat na rangaɗa guɗa irin ta garinsu har ɗankwali ya faɗi. Baffa Hodi na zaune a dakalin ƙofar gida, motar ta wuce ta gabansa a hankali, bai iya ɗaga kai ba. Mansur ya sauko yana ɗingishi, ya durƙusa gaban yayarsa a tsakiyar jama'a.

"Yaya, ki gahurta min abin da nic ce."

Ta ɗaga shi tana kuka tana dariya. "Tashi, kar ka karya ɗayar, ita ba ta da inshora."

Kuɗin lodinsa uku na farko ya tara ya je wurin maƙeri. Warwaro an narkar, amma 'yan kunnen na nan. Zuhura na sanye da su ranar da shugaban direbobin tasha, wanda ya fi kowa yi mata dariya, ya yi sallama a ƙofar makaranta yana murza hula a hannu.

"Malama, ohishin nan na Sakkwato... ta wace hanya aka bi?"