Yarinyar da Ta Riga Inuwa

A shekara ta uku bayan Nijar ta samu 'yancin kai, akwai wata yarinya a lakwal ɗin garin Gaya, wato makarantar boko. Tana da ƙoƙari a karatu, amma ba ta iya zama wuri ɗaya. In an ce ta zauna, ƙafarta na rawa. In an ce ta jira, sai a hango ta a bakin ƙofa.

Wata ranar Laraba, agogon bangon lakwal ya tsaya cak. Aka jijjiga shi, aka murɗa makullinsa, ya ƙi tashi.

Malaminsu Mahamadu, wanda suke kira Mushe Mahamadu kamar yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Kafin a gyara shi, za mu yi namu agogon."

Yara suka ce, "Da me, Mushe?"

"Da sanda da rana."

Ya fitar da su filin lakwal. Ya kafa sanda a ƙasa, a miƙe. Sannan ya ciro lemo daga aljihu, ya soka masa ƙaya, ya ɗaga shi cikin rana. Yana juya lemon a hankali, inuwar ƙayar tana matsawa.

Ya ce, "Kun gani? Rana tana inda take. Lemon ne ke juyawa. Haka duniyarmu take juyawa, shi ya sa inuwa ke tafiya. Likitan garin nan zai ara mana agogonsa na hannu gobe, kwana ɗaya tak. Ina son wanda zai zauna nan, duk awa ya aje dutse a bakin inuwa."

A lokacin ba a karatu ranar Alhamis. Yarinyar ta riga kowa ɗaga hannu.

Mushe ya dube ta. "Ke? Za ki iya zama?"

"Zan iya, Mushe!"

"To. Amma kada ki aje dutse sai kin ga inuwar da idonki. Jibi Juma'a 'yan babban aji su biyar za su tafi Dosso jarrabawar shiga kwaleji. Kamyo, babbar motar da za ta kai su, zai tashi sha ɗaya da rabi. Da agogonki za mu yi aiki."

Yarinyar ta ji daɗi, don yayarta Bibata tana cikin masu tafiyar.

Ranar Alhamis ta zo da wuri, da duwatsu cikin ƙwarya. Ƙarfe takwas ta aje dutse, ta rubuta lamba a kansa. Ta zauna, ta tashi, ta zagaya sandar. Ƙarfe tara ta aje na biyu. Ta ƙirga tururuwa. Ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa. Ta kara agogon a kunne, ko shi ma ya tsaya ne. Da ƙyar ƙarfe goma ta yi.

Sai ga yara a guje ta bayan lakwal suna ihu. "Dorina! Dorina ta fito kusa da gada!"

Yarinyar ba ta taɓa ganin dorina ba. Ta dubi hanyar gulbi, ta dubi sanda.

Ta auna tsakanin dutsen tara da na goma da tafin ƙafarta. Uku ne cif.

Ta ce a ranta, "Ashe abin ba wuya. Duk awa, ƙafa uku."

Nan da nan ta jera sauran duwatsun, ƙafa uku uku, tun daga sha ɗaya har ƙarfe biyar. Ta ruga bakin gulbi. Abin da ta gani na dorinar kunnuwa biyu ne da hanci. Da yamma ta mayar wa likita agogonsa.

Ranar Juma'a da safe Mushe Mahamadu yana ta sauri. Ya hango duwatsu daga ƙofar aji, ya ce, "Madalla! Zauna nan. In inuwa ta taɓa dutsen sha ɗaya, ki kira ni." Ya shiga yi wa masu jarrabawa bitar lissafi.

Inuwa ta taɓa dutsen tara. Ta taɓa na goma. Daga nan sai ta koma tafiya a hankali, kamar ta gaji.

Yarinyar ta tsuguna, ta miƙe, ta sake tsugunawa. Rana ta hau sama sosai, ƙasa ta fara ƙona ƙafa, amma inuwar ba ta kai dutsen ba. Sai ta gane duwatsun ba daidai suke ba. Ta je har ƙofar aji, ta buɗe baki, sai ta ji kunya ta dawo.

Can daga wajen tasha ta ji ƙahon mota sau uku. Ta toshe kunnuwanta.

Da inuwar ta taɓa dutsen, ta ce da ƙaramar murya, "Mushe, sha ɗaya ta yi."

Suka ɗauki kayansu suka nufi tasha. Ba kamyo, sai sawun tayoyi.

Wani mai lodin kaya ya ce, "Mushe, ina kuka tsaya? Direba ya yi ta busa ƙaho. Yanzu sha biyu ta wuce. Wata motar Dosso kuma sai Litinin."

Jarrabawa kuwa gobe Asabar ce da safe. Bibata ta aje akwatinta, ta zauna a kai, ta fashe da kuka. Shekara guda tana shiri.

Mushe Mahamadu ya dafe kai. "Laifina ne. Ban duba duwatsun da kyau ba."

Yarinyar ta ji maganar kamar an mare ta. Ta ce, "Mushe, ba laifinka ba ne. Nawa ne. Duwatsu uku kawai na gani da idona. Sauran jera su na yi, na tafi kallon dorina."

Bibata ta ɗago kai. "Dorina? Saboda dorina?"

Yarinyar ta kasa dubanta.

Mushe ya ce, "Za mu yi wannan magana daga baya. Yanzu mota muke nema. Ina babanku?"

Babansu, Malam Alassan, ɗan kasuwar albasa ne, ya san direbobi da yawa. Yarinyar ta ruga kasuwa, ta faɗa masa komai tana haki.

Ya dube ta, ya ce, "Kin yi ɓarna babba. Amma gara da kika faɗa. Wuce mu tafi."

Suka nufi bakin gada, inda motocin Dahome ke tsayawa in sun ƙetaro daga Malanbil. Direba na farko ya ce ba wuri. Na biyu ya ce sai gobe. Na uku, wani dattijo mai suna Alfari, ya ɗauko siminti.

Ya ce, "'Yan jarrabawa ne? In za su iya zama kan buhuna, bayan la'asar zan tashi."

Haka suka hau, su biyar da malaminsu. Bibata ba ta ko ɗaga wa ƙanwarta hannu ba.

Asabar da Lahadi yarinyar ba ta ci abin kirki ba. Da ta ji ƙarar mota sai ta fita a guje.

"Inna, in motar ta lalace a hanya fa?"

Uwarta ta ce, "Zauna ki yi musu addu'a. Zirga-zirgarki ba za ta tura mota ba."

Ranar Litinin suka dawo. Bibata ta shigo gida tana murmushi. Ta ce, "Mun isa, mun rubuta. Amma fari fat muka sauka, har mai gadin wurin jarrabawar ya tsorata."

Yarinyar ta rungume ta. "Yaya, ki yafe mini."

"Na yafe. Amma ke za ki wanke mini kayan nan."

Alhamis ta gaba aka sake aro agogon. Yarinyar ta kwashe duwatsun ƙarya, ta zauna tun safe har ƙarfe biyar. Abin ya yi mata wuya, amma ba ta tashi ba. Da yamma Mushe ya zo.

Ta ce, "Mushe, duba! Na safe da na yamma sun yi nesa da juna. Na tsakar rana kuwa sun matsu wuri ɗaya."

"Me ya sa?"

Ta yi tunani. "Da safe rana tana ƙasa, inuwa doguwa ce, bakinta yana tafiya da sauri. Da tsakar rana tana bisa kanmu, inuwa gajera ce, tafiyarta kaɗan."

"Daidai! Wa ya faɗa miki?"

"Ba kowa. Gani na yi."

Bayan wata guda sakamako ya iso daga Dosso. Duka biyar ɗin sun ci. Aka yi ta guɗa a gidan Malam Alassan.

Da Mushe Mahamadu ya gama karanta sunayen a aji, sai ya ce wa yarinyar ta faɗa wa 'yan uwanta abin da ta koya.

Ta miƙe ta ce, "In an ba ka amanar aiki, ka yi haƙuri ka gama shi. Kada ka ce ka ga abin da ba ka gani ba, don akwai masu dogara da maganarka. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, tun mota ba ta tashi ba."