Shekara Casa'in da Tara a Hawa na Uku

Ƙarfe ɗaya na rana ne a watan Yuli, iskar Dubai tana bugun fuska kamar daga bakin tanderu ta fito. Ɗantani ya sauka daga tasi a Ras Al Khor, riga ta manne masa a baya, takardar gida a hammata.

Ɗantani mutumin Fagge ne, sana'arsa saukar baƙi. 'Yan kasuwa su zo sarin kaya, ya sauke su a fulat ɗinsa da ke hawa na uku a International City, ya raka su kasuwa, ya haɗa musu kago, ya ci la'adarsa. To amma fulat ɗin ba mallakarsa ba ne na din-din-din. Ragowar shekarun hayar wani ya saya, kuma wa'adin saura wata bakwai ya cika. Masu ginin sun ce in yana son ƙarin wa'adi, ya kawo abin da ko a mafarki bai taɓa riƙewa ba. In ba fulat ba baƙi. In ba baƙi, sai dai ya tattara matarsa Mahfuza da 'yarsa Ramlat su koma Kano. Da ya koma ɗin, da yau ba a ba da labarinsa.

A bayan wani sito na kayan mota ya sami kwantenar bokan da aka kwatanta masa. Ƙarfe ce tsirara a tsakiyar rana, ba fanka ba taga, amma yana sa ƙafa ciki sanyi ya kama shi har haƙori. An lulluɓe bangon da jan ƙyalle. Ga ƙoƙon kan raƙumi an shafe shi da baƙin mai, ga kasko yana hayaƙi mai warin ƙonannen gashi. A tsakiya kuwa wata babbar ƙwarya ce cike da makullan gidaje, duk sun yi tsatsa. Bokan yana zaune a bayanta, ɗan tsamurmurin tsoho, bai ko ɗaga kai ba.

"Shekara nawa kake so?"

"Baba, ko ashirin aka samu..."

"Ashirin? Ka biya tasi tun daga can saboda ashirin? Faɗi abin da ke ranka, habibi."

Ɗantani ya ce, "Casa'in da tara."

Tsohon ya yi dariya ba sauti. "Kuɗi zai zo, wannan ba aiki ba ne. Amma shekara ba a buga ta a inji. Daga jikin mutum ake yanko ta."

"A'a Baba, ni ban zo don jini ba."

"Wa ya ce maka jini? Baƙi nawa ke ratsa ƙofarka a shekara? Wannan a ɗebi kwana uku, wancan mako guda. Wa zai sani? Ko mura ba za su yi ba."

Ya karɓi makullin Ɗantani, ya tsoma a wani baƙin ruwa, ya ɗiga ruwan a kan auduga, ya naɗe da zaren da ya zare daga rigar Ɗantani. Ya miƙa masa layar tana ɗumi kamar ɗan tsako.

"Ka binne ta a ƙarƙashin dokin ƙofar waje, inda baƙo ke tsallakawa. Can na ce. Khalas, an gama, tashi."

Nan ne fa Ɗantani ya yi kuskuren da ya cinye shi. Fulat ba shi da ƙasa. Tayil ne, kuma takardar gida ta hana fasa ko guda, ga shi masu ginin za su zo dubawa kafin su sa hannu. Falo kuma kullum cike yake da baƙi da jakunkunansu, ba inda za a ɓoye abu. Sai ya shiga uwar ɗaka lokacin da Mahfuza ke wanka, ya buɗe murfin na'urar sanyi, ya cusa layar ciki. A ransa ya ce gida dai ai gida ne.

Arziki ya zo kamar an buɗe famfo. Manyan 'yan kasuwar da ba su taɓa amsa sallamarsa ba suka dinga kiransa Alhaji. Kwantena bayan kwantena ta bi ta hannunsa. Kafin wata biyar ya zauna a ofis mai sanyi ya sa hannu, aka buga hatimi, casa'in da tara cif.

Baƙi suka yi ta zuwa suna komawa lafiya lau. Su a falo suke kwana, da safe su fice. Waɗanda ke wuni a uwar ɗaka, ƙofa a rufe saboda kunyar maza, na'ura tana hura musu iska dare da rana, su biyu ne.

Mahfuza tana yi wa Ramlat kitso ta tsaya cak.

"Abban Ramlat, zo ka gani. Furfura ce fa."

"Haba ke kuwa, yarinya 'yar shekara shida? Ruwan garin nan ne, gishiri gare shi."

Ba ruwa ba ne. Haƙoranta suka zube, wasu ba su fito ba. Fatar hannunta ta yamutse. Likitoci suka yi gwaji iri-iri suna kallon juna. Ran da za ta cika, ta riƙe yatsan ubanta, ta ce da muryar tsohuwa, "Abba, na gaji da zama." Ranar Talata bayan la'asar aka binne ta.

Ya dawo ya fizge murfin na'urar. Babu laya, sai guntun zaren rigarsa yana kaɗawa a iska. Ya ruga Ras Al Khor, ya zube gaban tsohon.

"Baba ka karɓi gidan! Ka karɓi kuɗin, duka!"

"A ƙofa na ce ka binne."

"Ba ƙasa Baba, tayil ne!"

"Wannan tsakaninka da tayil. Yarinya ta ba da saba'in. Takarda kuwa casa'in da tara ta ce."

"Zan mayar da uwarta Kano gobe."

"Mayar da ita. Ta riga ta shaƙa."

Ya mayar da ita ɗin, bai hana komai ba. Mahfuza ba ta kai talatin ba, amma a Fagge yanzu dogara sanda take, tana bin 'yan matan unguwa da mataji tana neman furfura a kansu. Labari ya bazu a kasuwa, baƙi suka ɗauke ƙafa. Duk wanda ya zo sayen fulat ɗin, daga bakin ƙofa yake juyawa, domin an cire na'urar tuni amma sanyin bai fita ba.

Ku da ke zuwa garin nan da dogon buri, ku ji tsoron Allah. Wa'adin gida in ya cika, tattara kayanka ka fita, ba a kanka aka fara ba. Shekarun da boka zai ƙara maka ba daga aljihunsa za su fito ba, kuma ba kai za ka zaɓi wanda za a yanka a jikinsa ba.

Ɗantani yana nan har yau. A kan matakalar bene yake wuni, ba ya shiga ɗaki. Kullum da hantsi sai ya jefa makullin ta tagar benen. Sualah, ɗan Gana mai sharar ginin, bai san komai ba. In ya tsince shi a ƙasa sai ya goge da gefen rigarsa, ya hau har hawa na uku, ya sa masa a aljihu.

"Masa," in ji shi, wato maigida a bakin mutanen Gana, "ka sake yar da makullinka."

Ɗantani ba ya ko kallonsa. Sualah ya ɗauki tsintsiyarsa ya sauka.