Farar Ƙura a Rigar Aiki

Mai Rusau ne ya kashe ƙanensa, ya kuma juya ya ɗora wa matar mamacin laifi. Ba wuƙa ya ɗauka ba, rowar ruwa da rowar takunkumin rufe hanci ce ta yi aikin.

Sana'arsa rushe tsofaffin gine-gine. Ya ciro kwanon rufi da silin na asbesto, ya sa a yanka su da inji a bayan gidansa, ya sake sayarwa. Tun farko jami'in lafiya ya gargaɗe shi cewa ƙurar asbesto in ta shiga huhu ba ta fita: a jiƙa kafin a taɓa, a rufe hanci da baki, kada rigar aiki ta shiga gida. Ya yi dariya ya ce, "Jiƙaƙƙen kwano nauyi gare shi. Ƙura kuwa ai kwalliyar lebura ce." Ƙanensa, mutum mai kawaici, shi ke bakin injin tun yana saurayi har furfura ta fito masa. Kullum sai ya dawo fari fat, matarsa, Uwar Auta, ta karɓi rigar ta kakkaɓe a tsakar gida tana tsokanarsa: "Na aiki saurayi, an dawo min da tsoho." Baiwar Allah, ita a ganinta hidimar miji take yi...

Da tari ya ci ƙarfin ƙanen ya rasu, Mai Rusau ya miƙe a gaban dangi ya nuna ta. "Ba ku ji ita ma tana tarin ba? Tarin tibi ne ta kawo mana daga gidansu." Aka ware mata kwano da kofi, maƙwabta suka daina cin abin hannunta. Hawayenta bai bushe ba ya kore ta, ya riƙe Auta, 'yarta tilo, wai kada ta shafa mata.

Numfashi ya yi mata wuya, ta je asibiti. Likita ya daɗe yana kallon hoton ƙirjinta.

"Mama, babu tibi a nan. Wa ke aikin asbesto a gidanku?"

"Maigidana ne, Allah ya ji ƙansa."

"Wa ke kakkaɓe rigarsa?"

Sai hawaye suka zubo mata.

Daga asibiti ta wuce gidan Mai Rusau tana haki. Can bayan gida ta hango Auta da tsintsiya tana share busasshiyar ƙura a gindin injin, gashinta fari, har gashin idonta fari! Uwa ta zube a gaban Mai Rusau.

"Yaya, don Allah ba ni ita. In ba ka bayarwa, ko ruwa a yayyafa kafin ta share. 'Yar ƙanenka ce fa."

"Yau kuma likita kika zama? Tashi ki ba ni wuri kafin ki shafa mana."

Ta ɗaga hannu ta ce, "Ya Allah, ni tawa ta riga ta faru. Ka bar min huhun yarinyar nan."

Likita bai yi shiru ba, ya sanar da hukuma. Jami'ai suka zo fuskokinsu a rufe, suka faɗi abin da ya kashe mamacin a gaban dangin da suka ware mata kofi. Kowa ya sunkuyar da kai. Da aka miƙo mata Auta, hannunta ya kai kan rigar yarinyar zai kakkaɓe, kamar yadda ya saba... sai ta tsaya cak. Ta ɗebo ruwa ta jiƙa ta sharkaf, ta tuɓe rigar ta ƙulle a leda, sannan ta rungume 'yarta tana kuka.

Kotu ta rufe wurin aikin, ta ɗaure Mai Rusau. A gidan yari tarin ya kama shi, don shi ma a cikin ƙurar yake tsayawa yana ba da umarni. Yau ko bakin ƙofa ba ya kaiwa sai ya zauna neman numfashi.